Maigidana ya haramta tarwada, ya mayar da sujada Asabar: Shari'ar Musa tana kanmu ne?

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Shekara 16 ke nan da aurenmu, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Ni da maigidana a ikilisiya ɗaya muka tashi, a nan aka yi mana baftisma, a nan aka ɗaura mana aure. Bara ya rasa aikinsa na tuƙin mota, ba a jima ba ɗan autanmu ya kama ciwo, yau gida gobe asibiti. Ana cikin haka wani abokinsa ya sa shi a wani zauren WhatsApp, inda wani mai wa'azi yake koyar da cewa Kirista sun yar da dokokin da Allah ya ba Musa, shi ya sa la'ana take binmu.

Tun daga nan gidanmu ya canza. Ya daina zuwa sujada ran Lahadi, ya ce wani sarkin Roma ne ya ƙirƙiro ta. Daga faɗuwar rana ran Juma'a har faɗuwar rana ran Asabar ba a hura wuta, ba a fita. Ya ce tarwada ƙazamtacciya ce don ba ta da ɓawo, har ya zubar mini da tukunyar miya. Ni kuwa, Mama, bandar tarwada ce sana'ata, Asabar ce ranar kasuwarmu, da ita muke ci, da ita nake biyan kuɗin makaranta da na magani. Idan ina al'ada ba ya cin girkina, ba ya zama inda na zauna. Abin da ya fi ci mini rai, 'yarmu ta fari mai shekara 13 ta fara al'ada, ya ce kada ta taɓa Littafi Mai Tsarki, kada ta shiga majami'a sai ta yi tsarki. Yarinyar kwana ta yi tana kuka.

Ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Ayoyin da yake karanta mini kuma suna nan a rubuce, na gani da idona. Ya ce Yesu da bakinsa ya ce bai zo don ya rushe Shari'a ba. Wani lokaci sai tsoro ya kama ni, ko shi ne da gaskiya? Ko ni ce nake jawo wa ɗana ciwo? Ina so in yi wa mijina biyayya, ina kuma so in yi wa Allah. Yaya zan yi?

Wata uwa daga jihar Adamawa

'Yata, sannu da ɗawainiya, sannu da haƙuri. Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi shiga jiki: ba ke ce kike jawo wa ɗanki ciwo ba. Ba tarwadarki ba ce, ba zuwanki sujada ran Lahadi ba ne. Almajirai sun taɓa yi wa Yesu irin wannan tambaya a Yahaya sura 9, da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suka ce zunubin wane ne, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba nasa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Abokan Ayuba uku sun yi ta nanata masa cewa wahalarsa hukunci ce, a ƙarshen littafin kuwa su Allah ya tsawata wa. La'anar da ake tsorata maigidanki da ita tana Maimaitawar Shari'a sura 28, gaskiya ne, amma Bulus ya gaya wa Galatiyawa a 3:13 cewa Almasihu ya fanshe mu daga la'anar Shari'a da ya ɗauke ta a kansa bisa gicciye. Abin da aka riga aka ɗauke ba ya komowa kan yaro ƙarami saboda tukunyar miya. Ki ci gaba da kai shi asibiti, ki nemi a yi masa gwajin jini, ki roƙi likita ya gaya miki sunan ciwon a fili, kada kuma wani ya sa ku dakatar da magani ko da rana ɗaya, Asabar ce ko Lahadi.

Sai maigidanki. Na yarda da ke, ba mugu ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Mutumin da ya saba fita da asuba ya dawo da cefane, yau ga shi a zaune, ɗansa na kwance, matarsa ce ke riƙe da gida. Irin wannan kunya tana cin namiji a ɓoye, ba kuma kowa zai gaya wa ba. Sai ga wani ya zo masa da dalili a dunƙule: ga abin da ya jawo, ga abin da za ka yi ya wuce. Ya sami abin riƙewa, ya sami wurin da maganarsa za ta sake yin nauyi a gida. Ki lura, abin da ya ce ƙazamtacce ne, shi ne abin da ke ciyar da shi a yanzu. Na faɗa miki wannan don ki gane ciwonsa, kada ki taɓa goranta masa da shi. Ranar da kika ce masa "ai da kuɗin tarwadar kake ci", ranar kika rufe ƙofar da nake so ki buɗe.

Mu ma da muke cikin ikilisiya da namu laifin, zan faɗa ba ɓoyo. Shekara da shekaru ana hawa bagade a karanta Malakai 3 a ce wanda bai ba da zakka ba la'ananne ne, a karanta Maimaitawar Shari'a 22:5 a kan wandon mata, sauran surar kuma a tsallake. Mun koya wa mutane cewa ana tsintar doka daga Attaura a ɗora wa Kirista da barazana, ba mu koya musu yadda Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari suke haɗuwa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Maigidanki ya ɗauki hanyar da ya gani ne, ya wuce da ita gaba.

To, Shari'ar Musa tana kanmu? Ki fara da tambayar wa aka ba ta. A Dutsen Sina'i Allah ya ƙulla alkawari da Isra'ilawa bayan ya fito da su daga Masar, daga Fitowa sura 19 zuwa 24, Shari'a kuma ita ce sharuɗɗan wannan alkawari. Malaman Yahudawa sun ƙirga dokokinta 613. Tun ana cikin wannan alkawari, annabi Irmiya a sura 31 ya ce kwanaki na zuwa da Allah zai yi sabon alkawari, ba irin wanda ya yi da kakanninsu ba, zai rubuta dokarsa a zukata. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki ƙoƙo ya ce wannan ne sabon alkawari cikin jininsa. Duk lokacin da kika karɓi Jibin Ubangiji, kalmomin nan ake karanta miki. Ibraniyawa 8:13 ta ɗaure maganar: da aka ce sabo, na farkon ya zama tsoho.

Tambayarki kuma ba yau aka fara yin ta ba. Manzanni da kansu sun zauna a kanta a Urushalima wajen shekara ta 49 bayan haihuwar Almasihu, labarin yana Ayyukan Manzanni sura 15. Waɗansu masu bi daga cikin Farisiyawa sun tashi suka ce dole a yi wa al'ummai kaciya, a kuma umarce su su kiyaye Shari'ar Musa. Al'ummai fa mu ne, 'yata, Bachama da Kilba da Margi da Bahaushe da Bature, duk wanda ba Bayahude ba. Bitrus ya miƙe ya ce don me za a ɗora wa almajirai karkiyar da su da kakanninsu suka kasa ɗauka? Yakubu, ɗan'uwan Ubangiji, wanda shi kansa mai kiyaye Shari'a ne, ya yanke magana, aka rubuta wasiƙa zuwa Antakiya. Abu huɗu aka ce su guje wa: abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da abin da aka maƙure, da fasikanci. Ki karanta wasiƙar da kanki daga aya 23 zuwa 29. Babu Asabar a ciki, babu kifi, babu ware mace mai al'ada. Waɗanda suka rubuta ta Yahudawa ne da suka tashi cikin waɗannan dokoki, ba mantuwa suka yi ba.

Ayar da maigidanki ya riƙe, Matiyu 5:17, aya ce mai nauyi, ba na so ki yi wasa da ita. Amma ki roƙe shi ya ƙarasa ta. Yesu ya ce bai zo rushe Attaura da Annabawa ba, ya zo ne ya cika su. Abin da aka cika ya kai inda aka nufa da shi. Bulus ya kwatanta Shari'a da bawan da ake sa wa ya raka yaro makaranta, ya tsare shi, ya kwaɓe shi, har ranar da ya girma. Mai rakiyar bai yi laifi ba, ba a kuma kore shi da wulaƙanci ba, aikinsa ne ya kai ƙarshe. A Kolosiyawa 2:16 da 17 ya ce kada kowa ya hukunta ku a kan ci ko sha, ko idi, ko tsayawar wata, ko Asabar, gama waɗannan inuwa ce ta abin da ke zuwa, ainihin kuwa Almasihu ne. Shi kansa maigidanki ya san haka ba tare da ya lura ba, tun da ba ya yanka rago don gafarar zunubi, alhali dokar hadaya tana cikin littafi ɗaya da dokar kifi.

Nan ne kuma koyarwar nan take karyewa. Littafin Firistoci sura 11, inda aka hana kifi marar ƙege da ɓawo, nan aka hana raƙumi da zomo da rema, aka halatta fara. Sura 19 ta hana sa rigar da aka saƙa da zare iri biyu. Maza sau uku a shekara za su hallara a gaban Ubangiji a wurin da ya zaɓa. Mai jego sai ta kawo hadaya wurin firist kafin tsarkinta ya cika. Haikalin da ake yin waɗannan kuwa Romawa sun rushe shi tun shekara ta 70, har yau ba a sake gina shi ba. Ba mai iya kiyaye Shari'ar nan dukanta a yau, ko da ya so. Ita kuwa ba ta yarda a tsinci wasu a bar wasu: Galatiyawa 3:10 ta ce wanda ya dogara ga ayyukan Shari'a, la'ana tana kansa in bai cika dukan abin da aka rubuta ba, Yakubu 2:10 kuma ya ce wanda ya yi tuntuɓe a ɗaya ya taka duka. Ga abin da ke ba ni tausayi game da mijinki: yana gudun la'ana ne, amma hanyar da aka nuna masa can take komawa. Ki duba misalin kaciya. A ƙasarmu kusan kowane ɗa namiji ana yi masa, ba wanda ya ce zunubi ne. Amma Bulus ya ce wanda ya yi ta don ya sami karɓuwa wurin Allah ya ɗauko wa kansa bashin Shari'a dukanta. Abu ɗaya ne, nufin zuciya ne ya bambanta.

Kada kuma ki ɗauka ina cewa Kirista ba shi da doka, ko a yage Tsohon Alkawari. Bulus ɗin nan ya ce Shari'a tsattsarka ce, mai adalci, mai kyau. Cikin Dokoki Goma, tara an sake umartar masu bi da su a Sabon Alkawari, Yesu ma ƙara musu zurfi ya yi, ya kai kisan kai har ga fushi, ya kai zina har ga kallo. Umarnin ƙaunar maƙwabci kamar kanka daga Littafin Firistoci 19:18 ya fito. A surar nan aka ce kada a yi algus a mudu da ma'auni, kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, a bar wa matalauci kala a gona. Wannan halin Allah ne, ba ya tsufa, ya kuma shafe ki a kasuwa fiye da irin kifin da ke kan tirenki. Ikilisiyoyi da yawa sun daɗe suna bayyana shi haka. Ƙa'idodin bangaskiya 39 na Angilikan, na shekarar 1571, a ƙa'ida ta 7 sun ce dokokin hidima da na tsarkakewa ba su ɗaure Kirista ba, dokokin mulkin Isra'ila ba dole ne wata ƙasa ta ɗauka ba, amma ba Kiristan da aka 'yanta daga dokokin halin kirki.

Maganar tarwada gajeriya ce. A Markus 7 Yesu ya ce abin da ke shiga ciki ba ya ƙazantar da mutum, sai abin da ke fitowa daga zuciya, Markus kuma ya ƙara da cewa ta haka ya tsarkake kowane abinci. An nuna wa Bitrus wahayi a Yafa har sau uku, aka ce abin da Allah ya tsarkake kada ya kira shi ƙazamtacce. Sana'arki halal ce, ki yi ta da godiya.

Lahadi kuwa, abin da aka gaya masa rabin labari ne. Gaskiya ne sarkin Roma Konstantin ya yi doka a shekara ta 321 cewa a huta a birane ran Lahadi. Amma hutu ya bayar, taron ya riga shi. Yesu ya tashi daga matattu a ranar farko ta mako. A Ayyukan Manzanni 20:7 masu bi sun taru a Taruwasa a ranar farko ta mako don gutsuttsura gurasa, a 1 Korintiyawa 16:2 kuma a ranar ce aka ce kowa ya ware baikonsa. Wajen shekara ta 150, wani malamin Kirista a Roma mai suna Jastin, wanda daga baya aka kashe saboda bangaskiyarsa, ya rubuta wa sarki bayanin yadda na birni da na ƙauye suke taruwa ran Lahadi, a karanta rubuce-rubucen manzanni da annabawa, a yi addu'a, a ci gurasa, a tara taimako don marayu da gwauraye. Kimanin shekara 170 ke nan kafin dokar Konstantin, a zamanin da sarakunan Roma ke tsananta wa Kirista. Duk da haka zan yi wa mijinki adalci: Asabar ita ce wurin da masu bi na gaske suka rabu. 'Yan Adventist, waɗanda suke Najeriya tun 1914, suna kiyaye ta, suna kuma guje wa naman da aka hana. Ikilisiyar Habasha mai daɗaɗɗen tarihi tana girmama Asabar da Lahadi duka biyu. Ni dai na gamsu cewa hutun Asabar ya cika cikin Almasihu, kuma abin da ya rage mana shi ne hikimar hutawa da keɓe lokaci ga Allah. Amma Romawa 14 ta ba da wuri: wani yana ɗaukaka wata rana, wani yana ganin duk ɗaya ne, kowa ya tabbata a zuciyarsa, mai ci kada ya raina marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci. Wato mijinki yana da iko ya bar tarwada, ya huta ran Asabar saboda Ubangiji. Abin da ba shi da iko a kai shi ne ya mai da shi sharaɗin ceto, ko ya ɗora muku da tsoron la'ana.

Yanzu maganar 'yarki, wadda ta fi tsaya mini a rai. Ƙazantar da Littafin Firistoci sura 15 take magana a kai ba zunubi ba ce. A surar nan namijin da maniyyi ya fita daga jikinsa shi ma ƙazantacce ne har yamma, a wasu surori kuma wanda ya taɓa gawa, ko da ta mahaifinsa ce, da mai jego, su ma sukan ƙazantu. Maryamu uwar Yesu ma ta kai 'yan kurciyoyi biyu Haikali bayan haihuwarsa, Luka 2:24. Dokokin nan na kusantar alfarwar sujada ne, suna koya wa Isra'ila cewa ba a shiga gaban Allah mai tsarki kai tsaye. To, ki buɗe wa 'yarki Markus sura 5. Wata mace ta shekara 12 tana zubar jini, ta ƙarar da abin hannunta wurin masu magani. Bisa ga Shari'a duk wanda ta taɓa ya ƙazantu. Ta kutsa cikin taro ta taɓa rigar Yesu. Bai ja da baya ba, bai je ya yi wanka ba, bai tsawata mata ba. Ya tsaya ya neme ta a gaban jama'a, ya kira ta "'yata", ya sallame ta da salama. Da ya mutu labulen Haikali ya tsage daga sama har ƙasa, Ibraniyawa 10 kuma ta ce mu matso da gaba gaɗi ta wurin jininsa. Ba a ce ban da kwana bakwai a wata ba. Wajen shekara ta 601, Agustin, wanda aka aika wa'azi Ingila, ya tambayi Fafaroma Giregori na Farko wannan tambaya, ko mai al'ada za ta shiga majami'a ta karɓi Jibi. Giregori ya ce kada a hana ta, ya kuma kafa hujja da matar nan mai zubar jini.

Yarinya mai shekara 13 da aka gaya mata a watanta na farko cewa Allah ba ya son ta kusance shi, abin zai iya binta har ɗakin mijinta, har ga 'ya'yanta. A nan ba na ba ki shawarar sassauci. Yau ɗin nan ki kira ta ɗaki, ki sa mata Littafi Mai Tsarki a hannu, ku karanta labarin tare, ki gaya mata jinin nan alamar lafiya ce da girma, ki koya mata tsabta da yadda ake amfani da ƙunzugu, ki yi mata addu'a kina riƙe da ita. Kada ki zagi ubanta a gabanta. Ki ce mata Baba yana ƙaunarta, yana neman ya gamshi Allah ne, amma a wannan wuri bai fahimta daidai ba. Ran Lahadi kuma ku tafi sujada tare.

Shi kuwa, ki nemi lokacin da yara suka yi barci, ba ran Asabar ba, ba kuma bayan faɗa ba. Kada ki fara da aya. Ki tambaye shi, "Baban yara, me kake tsoro zai same mu?" Sai ki yi shiru ki saurara, ko da zai daɗe. Ki gaya masa kin ga nauyin da ke kansa, kuma rashin aiki bai rage masa daraja a idonki ba. Daga nan ki roƙe shi abu ɗaya: tun da yana ƙaunar Maganar Allah, ku karanta wasiƙar Galatiyawa tare daga farko har ƙarshe, da Hausa, da murya. Surori shida ne kawai, ba ta kai sa'a ɗaya ba. Wani dare Ayyukan Manzanni 15, wani dare Romawa 14. Masu koyarwa irin wannan da tsintattsun ayoyi suke aiki, maganinsu karanta littafi dukansa. Idan kun karanta, ki bar shi ya fara magana, kada ki nemi ki kayar da shi. Namijin da aka ƙure ba ya komowa, sai wanda aka bar wa hanya.

Ki kuma zo masa da abin da za ki bayar, don ya ga ba gardama kike nema ba. Ki yi masa tukunyarsa dabam da karfasa ko nama, kada ki taɓa sa masa tarwada a ɓoye, domin Romawa 14:23 ta ce wanda ya ci da shakka ya yi wa lamirinsa laifi, in kuma ya gano, amana ta karye. Ki dafa masa abincin Asabar tun Juma'a da rana. In zai yiwu ki mayar da wurin bandarki bayan gida ko gidan wata abokiyar sana'a. Da yammacin Juma'a ku zauna da yara ku yi waƙa da addu'a, shi ya bi da ku, wannan ba asara ba ce ga kowane gida. Idan ya fi so ku dakata da kwanciyar aure a kwanakin al'adarki, wannan abu ne da mata da miji za su iya yarda a kai. Amma ki gaya masa a hankali, ba da ɗaga murya ba, cewa abu huɗu ba za ki iya bari ba: maganin yaro, da kasuwar da ke ciyar da gidan, da sujadarki tare da ikilisiya, da 'yancin 'yarku ta riƙe Littafinta. Biyayyar da Afisawa 5 ta ce mace ta yi wa mijinta gaskiya ce, ina kuma koyar da ita, amma a wurin aka ce miji ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya har ya ba da kansa. Biyayya ba ta kai ga barin yara da yunwa ba, ba ta kuma kai ga amsa cewa jinin Almasihu bai isa ba.

Kada ki ɗauki wannan kaya ke kaɗai. Ki je wurin fastonku, ki roƙe shi ya zo a matsayin mai ziyara, ya gaishe da marar lafiya, ya zauna da maigidanki su biyu. Ki roƙe shi musamman kada a yi wa'azi da shi a bagade, kada a yi gaggawar sa shi ƙarƙashin horo, don tozarci zai ƙara tura shi wurin waɗanda ke ce masa ana tsananta masa saboda gaskiya. In akwai wani dattijo ko kawunsa da yake jin maganarsa, a haɗa da shi. A zumuntar mata ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙe asiri, ba taro ba. Ku kuma sa ido wajen nema masa abin yi, ko tuƙin haya ne, ko ɗaukar kaya zuwa kasuwa, domin ina kyautata zaton ranar da ya sake shigowa da cefane a hannu, rabin wannan zafi zai sauka. Ki lura kuma ko mai wa'azin nan yana karɓar kuɗi a hannunsa, ko yana ce masa ya rabu da dangi da ikilisiya. In haka ne, a gaya wa fasto da wuri.

Yana yiwuwa bayan duk wannan ya ce shi dai zuciyarsa ta tsaya a kan Asabar. In ya zama haka, gara ya zauna da faston wata ikilisiya sananniya mai kiyaye Asabar, mai dattawa da tsari, da ya ci gaba da bin muryar da bai taɓa ganin mai ita ba. Rubutacciyar koyarwar Adventist ma ta ce ceto ta wurin alheri ne, ba ta kuma ce a ware mace mai al'ada ba. Akwai gidajen da miji ke sujada Asabar, mata Lahadi, suna zaune lafiya, ko da yake sai an yi yarjejeniya a fili a kan yara. Idan kuwa abin ya juya, ya fara hana abinci ko magani, ya kulle ku a gida, ya lalata kayan sana'arki, ko ya ɗaga hannu, to ya wuce saɓanin fahimta. Ki kira iyayenku da dattawan ikilisiya a ranar, ki kai yaran inda za su sami tsaro har a zauna.

Ina yi muku addu'a, ke da shi da yaran, musamman ɗan autan. Ki sake rubuto mini bayan kun gama karanta Galatiyawa, ki gaya mini abin da ya ce da kuka kai sura ta 5, da kuma abin da likita ya faɗa a kan yaron.